Awo Kafin Yanka

Duk wanda ya zauna a ƙasar Bebeji ya san madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka fara ginawa a 1971 aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Kafin a tono ko kwando ɗaya na ƙasa, sai da masu safiyo suka zo suka auna tudu da kwari, suka zana a takarda inda ruwa zai kwanta, da ƙauyen da zai tashi, da wanda zai tsira. Haka tela ma, ba ya sa almakashi a yadi sai ya yi awo, gama abin da aka yanke ba ya komawa yadda ya ke. To, idan ƙasa da yadi sun cancanci awo, ina ga ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wadda da ita ya ke magana, da ita ya ke gane 'ya'yansa, da ita ya ke riƙe fartanya? Wannan babi zai bayyana yadda likitocin fiɗa su ke yin awonsu kafin su buɗe kan mutum don su cire ƙari, da kuma abin da ya rataya a wuyan majiyyaci da danginsa cikin wannan al'amari.

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, watau wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa. Amma duk da ƙanƙantarta, ita kaɗai ta kan cinye wajen kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Ba kuwa dunƙule ɗaya ba ce kamar curin fura. Ta fi kama da babban gari mai unguwanni, marina a nan, maƙera a can, dukawa a gaba. Akwai unguwar da ke motsa hannu, akwai ta ƙafa, akwai ta gani a can ƙeya, akwai ta ji a kusa da kunne. Wani abin mamaki kuma, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke mulkin gefen dama na jiki, na dama kuwa shi ke mulkin gefen hagu. Magana ita ma tana da mazauni. Cikin mutum 100 masu aiki da hannun dama, wajen 95 maganarsu a ɓangaren hagu ta ke. Bahago kuwa ba a yi masa hukunci da ka, gama waɗansu tasu a hagu ta ke, waɗansu a dama, waɗansu ta rabu biyu.

Ƙari wata tsoka ce da ke tsirowa inda ba a bukatarta. Idan ya fito a wuya ko a hannu, fata ta kan miƙe ta ba shi wuri. Amma ƙoƙon kai ƙashi ne rufaffe, ba ya miƙewa, saboda haka duk abin da ya tsiro a ciki sai ya matse maƙwabtansa. Daga nan alamu ke fitowa. Wani sai ciwon kai ya kama shi yana ƙaruwa mako bayan mako, ya fi tsanani da asuba, har da amai. Wani yana da shekara 40 bai taɓa faɗuwa ba, sai kwatsam farfaɗiya ta same shi. Wani hannunsa ɗaya ya riƙa sanyi, wani gani ya riƙa dushewa, wani kalmomi su riƙa kuɓuce masa, wani kuma halinsa ya sāke har iyalinsa su ce ba shi ba ne. Ba kowane ciwon kai ba ne ƙari, mafi yawansa ma ba shi ba ne. Kuma ba kowane ƙari ne sankara ba. Akwai irin da ke tsirowa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, yawancinsa ba ya yaɗuwa, idan an cire shi duka sau da yawa mutum ya kan warke sarai.

Ga inda wuyar ta ke ga likita. Idan ya yanka kaɗan don tsoro, ya bar saura, ƙarin zai sāke tsirowa kamar ƙiriƙiri da aka sare kansa aka bar saiwa. Idan kuwa ya zarce, ya shiga unguwar magana ko ta hannu, mutum ya tashi daga barci ba ƙari, amma ba baki, ko kuwa hannun da ya ke noma da shi ya mutu. Tsakanin waɗannan hasara biyu wani lokaci ratar ba ta fi faɗin yatsa ba. A ido kuwa naman unguwar magana da na maƙwabciyarta duk ɗaya ne, ba ganuwa, ba shinge, ba dutsen iyaka. Saboda haka sanin inda ƙari ya ke rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne sanin wanda ke zaune kusa da shi.

An daɗe ana neman wannan sani. A 1861, a birnin Faris, wani likita mai suna Paul Broca ya duba wani majiyyaci wanda ya shekara 20 da ɗoriya ba ya iya furta kome sai gaɓa ɗaya tak, alhali yana fahimtar abin da a ke faɗa masa. Da mutumin ya rasu, aka duba ƙwaƙwalwarsa, sai aka tarar da lahani a gaba ta wajen hagu. A 1874 wani likitan Jamus, Carl Wernicke, ya nuna wani wuri dabam a bayan wannan, wanda idan ya lalace mutum ya kan yi ta zuba magana marar ma'ana, ba ya kuwa gane ta wani. Da irin wannan ilmi ne a 1884, a Landan, likita Rickman Godlee ya buɗe kan wani manomi ɗan shekara 25 ya cire masa ƙari. Ba hoto a zamanin. Karkarwa da sanyin hannun hagu na manomin su ne suka nuna wa likitoci cewa ƙarin yana dama, a unguwar hannu, aka kuwa same shi a nan. Mutumin ya rasu bayan mako huɗu saboda ƙwayoyin cuta sun shiga miki, amma an tabbatar cewa taswirar gaskiya ce.

Sai dai taswirar littafi ta kowa da kowa ce, ba ta Tanko ko Jatau ba. Iyakokin unguwannin su kan ɗan bambanta daga mutum zuwa mutum, ƙari kuma ya kan ture su daga mazauninsu. Wani likita a ƙasar Kanada, Wilder Penfield, wanda ya kafa cibiyar ciwon ƙwaƙwalwa a Montreal a 1934, ya shahara da wata dabara. Ita ƙwaƙwalwa kanta ba ta jin zafi, fata da tantani ne ke ji. Sai ya kashe zafin fata da allura, ya buɗe kai mutum yana farke, ya riƙa taɓa wuri wuri da ɗan tsinke mai lantarki kaɗan. Ya taɓa nan, babban yatsa ya motsa. Ya taɓa can, mutum yana cikin ƙidaya sai baki ya tsaya. Kowane wuri sai ya ɗora masa 'yar takarda mai lamba. A 1949 kuma wani likita mai suna Wada, wanda ba shi da dangantaka da Tudun Wada, mutumin Japan ne, ya fito da hanyar sa rabin ƙwaƙwalwa barci na 'yan mintoci ta allura a jijiyar wuya, a ga ko magana za ta ɗauke. Dabaru ne masu kyau, amma ta fari sai an buɗe kai, ta biyu kuma tana da nata haɗari.

Hoto kuwa ya zo daki daki. A 1895 Wilhelm Röntgen na Jamus ya gano hasken da a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, amma wannan ƙashi ya ke nunawa, ƙwaƙwalwa ba ta fita sosai. A 1971 aka fara ɗaukar majiyyaci da na'urar Siti Sikan a wani asibiti a Landan, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera, wata mata ce kuwa da a ke zaton tana da ƙari a ka. Daga 1973 Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila suka buɗe hanyar ɗaukar hoto da maganaɗisu, wanda ma'aikatan asibiti ke kira Em-Ar-Ai. Wannan ya kan nuna ƙari ƙarara, da girmansa da zurfinsa. Amma har wa yau kamar hoton gari ne daga jirgin sama: ga rufin gidaje, ba a san gidan liman ba, ba a san na maƙeri ba.

Mabuɗin wannan ƙofa yana cikin jini. Kowace uwa ta san maɗigar jariri, yadda ta ke bugawa. Wani malami a Italiya, Angelo Mosso, wajen 1880, ya lura da waɗansu baligai da suka yi rauni ƙashin kansu ya ɓule. Idan ya ba mutum lissafi ya yi da ka, sai bugun jini a wurin ya ƙaru. Ashe ƙwaƙwalwa mai aiki ƙarin jini ta ke ja. Manoman rani na Kadawa, waɗanda ke sha daga ruwan Tiga, za su gane wannan nan da nan. Ruwa yana cikin babbar hanya kullum, amma fadamar da a ke aiki a cikinta ita a ke buɗe wa ƙofa. Wanda ya hau tudu ya ga inda ruwa ke kwarara, ya san inda manomi ya ke, ko da bai hango shi ba.

Haka jini ya ke yi. Unguwar da ta kama aiki, cikin daƙiƙa 4 zuwa 6 sai jini mai ɗauke da oksijin ya kwararo mata fiye da bukatarta. Tun 1936 Linus Pauling da abokin aikinsa suka gano cewa jinin da ya sauke oksijin da wanda ke ɗauke da ita ba hali ɗaya su ke nunawa gaban maganaɗisu ba. A 1990 Seiji Ogawa, wani masani ɗan Japan da ke aiki a Amurka, ya nuna a jikin ɓeraye cewa na'urar maganaɗisu tana iya ganin wannan bambanci. Zuwa 1992 an gwada a jikin mutane an ga ya yi. Wannan shi ne hoton aikin ƙwaƙwalwa. Ba yanka, ba allurar sa barci, ba kuwa irin hasken hoton ƙashi.

A ɗauka misali wani magidanci ne daga Badafi, farfaɗiya ta same shi da girma, hoto ya nuna ƙari a hagu kusa da unguwar magana. Kafin ya shiga ɗakin, sai ya ajiye duk wani ƙarfe: agogo, zobe, makulli, wuƙa, waya, da guru ko laya mai ƙarfe a ciki. Idan akwai ɓarɓashin harsashi ko wani ƙarfe a jikinsa, lalle ya faɗa, kada ya ɓoye. Mace ma ta cire awarwaro da 'yan kunne, ta wanke kwalli. Dalili kuwa, maganaɗisun na'urar yana da ƙarfin gaske. Ma'auninsa tesla ne, wanda a ke wannan aiki da shi mai tesla 1.5 ne ko mai 3, mai 3 ɗin kuwa ya ninka maganaɗisun duniya wajen sau 60,000. Sa'an nan a kwantar da shi, a tallafe kansa da matashi, a toshe masa kunne domin na'urar tana da ƙara, a tura shi cikin wani rami mai kama da ganga.

Daga nan aikin nasa ne. Za a ce ya riƙa haɗa babban yatsa da sauran yatsu na wajen daƙiƙa 20 ko 30, sa'an nan ya huta kamar haka, ya sāke, ya huta, sau da yawa. Za a ce ya motsa yatsun ƙafa, ya motsa leɓe. Za a nuna masa surar akuya ko tulu a ce ya faɗi sunanta a zuci, ko a ba shi suna ya nemo aikin da ke tafiya da shi, a ce wuƙa ya ce yanka. Bambancin da na'urar ke gani ɗan kaɗan ne, kashi ƙalilan cikin 100, shi ya sa a ke maimaitawa. Kwamfuta sai ta gwama lokacin aiki da lokacin hutu, ta shafa launi a inda jini ya ƙaru. Launin nan na kwamfuta ne, ba wai ƙwaƙwalwa wuta ta ke kamawa ba. Akwai kuma wani hoto da a kan haɗa da shi, wanda ke bin sawun jijiyoyin da suka haɗa unguwa da unguwa ta ƙarƙashi, gama yanke hanya daidai ya ke da rushe gari. Idan an gama, likita ya ɗora taswirar kan hoton ƙarin, ya zaɓi gefen da zai shiga, ya san inda zai tsaya, ya kuma iya gaya wa majiyyaci da danginsa gaskiyar haɗarin tun kafin su sa hannu.

Mai karatu ya lura, wannan hoto ba a yi wa mutum shi yana kwance kamar gungume. Da shi a ke yi. In ya motsa kai, hoto ya ɓaci. In bai fahimci umarni ba, ya yi shiru don kunya, taswirar ta fito da ƙarya. Batun harshe kuwa babba ne. Wanda Hausa ya tashi da ita, da Hausa ya kamata a gwada shi, ba da Turanci ba. Bafulatanin da ke kiwo a gefen dajin Falgore, mai Fulatanci a ruga da Hausa a kasuwa, ya kamata likita ya san harsuna biyu gare shi, domin tun 1978 likitocin Amurka suka nuna cewa a kan mai harshe biyu, wuraren harsunan su kan haɗu a wani gefe su rabu a wani. Wanda bai iya karatu ba, a gwada shi da surori da sauraro. Duk wannan sai majiyyaci ko ɗan rakiyarsa ya buɗe baki ya faɗa. Faɗa wa likita gaskiya ba rashin kunya ba ne.

Amma kada a ɗauka taswira ita ce ƙasa. Wani ƙari ya kan ɓata jijiyoyin jinin da ke kewaye da shi, har unguwa tana aiki jini bai ƙaru ba, hoto ya nuna kango alhali da mai gida a ciki. Wani wuri kuma ya yi launi, amma ba shi ne ginshiƙin aikin ba. Bayan haka, da zarar an buɗe ƙoƙon kai ruwa ya zuba, ƙwaƙwalwa ta kan ɗan gusa daga inda hoto ya nuna ta. Don haka har yanzu, idan ƙari ya yi kusa da magana, likitoci ba su yar da dabarar zamanin Penfield ba. Hoto ya nuna hanya, sa'an nan a tashi majiyyaci ana tsakiyar aiki, yana ƙidaya, yana faɗin sunayen abubuwa, likita yana gwadawa da tsinken lantarki kafin ya yanka. A 2020, a asibitin King's College na Landan, an tashi wata mata mai kaɗa gogen Turawa, ta yi ta gogawa likitoci suna cire mata ƙari, domin kada su taɓa abin da ke sarrafa yatsunta na hagu.

Akwai wani labari cikin wannan ilmi da ya shafi waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci. A 2010 wani masani na Faransa, Stanislas Dehaene, da abokan aikinsa suka ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwar mutum 63 a Burazil da Fotugal. Cikinsu 10 ba su taɓa koyon karatu ba, 22 sun koya da girma, 31 sun koya tun suna yara. Aka tarar waɗanda suka koya da girma su ma, idan an nuna musu rubutu, wani ɗan lungu a ƙasan ƙwaƙwalwa ta hagu ya kan amsa, gwargwadon ƙwarewar kowa, kamar yadda ya ke yi ga 'yan makaranta. Watau dattijon da ya zauna a tabarma bayan la'asar yana haɗa baƙi da wasali, ba takardar shaida kaɗai ya samu ba, sabuwar unguwa ya kafa a kansa. Idan wannan lungu ya lalace, mutum ya kan iya rubutu amma ya kasa karanta abin da ya rubuta da hannunsa. Saboda haka wanda ya sha wuya ya koyi karatu, in za a yi masa aiki a ka, ya gaya wa likita karatunsa na cikin abin da ya ke so a tsare masa.

A Nijeriya, likitan fiɗar ƙwaƙwalwa na fari ɗan ƙasa shi ne Latunde Odeku, wanda ya koyo a Amurka ya fara aiki a asibitin koyarwa na Badun a 1962. A Arewa akwai masu wannan sana'a a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana kuwa bakin hanyar Zariya, hanyar da mutanen Kiru da Bebeji ke bi su shiga birni. Akwai su a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da kuma na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda a ke da cibiya ta musamman don wannan aiki. Hoton aikin ƙwaƙwalwa yana bukatar na'ura mai ƙarfi, da lantarki marar yankewa, da ma'aikatan da aka horar, shi ya sa ko a ƙasashe masu arziki manyan asibitoci ke yinsa. Ba kuma kowane ƙari ke bukatarsa ba, sai wanda ya yi maƙwabtaka da magana ko motsi ko gani. Likitan da ke riƙe da majiyyaci shi zai faɗi ko ana bukata, da inda za a samu.

Abin da ya fi ƙarfin kowace na'ura shi ne jinkiri. Mutumin Doguwa ko Riruwai da ciwo ya kama, sau da yawa sai an ce iska ce, ko jifa ne, a yi wata da watanni ana hayaƙi da turare. Sa'an nan a ce bari a gama girbi, a sayar da shinkafa tukuna. Kafin a kai birni, ido ya rufe, baki ya tafi. Mutumin da ba ya iya magana kuwa ba shi da abin da zai yi a cikin na'urar da za ta nuna inda maganarsa ta ke, jijiyar ganin da ta mutu kuma wuƙa ba ta rayar da ita. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, asibiti kuma bai hana addu'a ba.

Nan ne amfanin mai karatu ga garinsu ya ke. In ya ga alamun nan ga ɗan'uwa ko maƙwabci, ya kai shi asibitin gwamnati mafi kusa, ya nemi takardar turawa zuwa babban asibiti. Ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar da ciwo ya fara, da ranakun faɗuwa, da gefen jikin da ya fara karkarwa, gama irin wannan bayani shi ya kai Godlee kan ƙari tun ba hoto. Ya adana kowane hoto da kowace takarda a jaka ɗaya. Ya gaya wa jama'a cewa ba a ɗaukar farfaɗiya daga miyau, kada a gudu a bar mai faɗuwa kusa da wuta ko rijiya, a juya shi a kan gefensa, kada kuma a cusa masa kome a baki. In an kai gaban likitan fiɗa, ya yi tambaya uku cikin ladabi: me ke zaune kusa da ƙarin, wace hanya za a bi a tsare shi, me kuma zai faru in an bari ba a yi aikin ba. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ƙara wa masu jinya haƙuri, ya yi wa hannun likitoci jagora, amin.